KURMA DA MAKAHO SU MA SUNA DA HAƘƘI A CIKIN SANARWA

Ran 26 ga watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwa cewa zai sauya takardun kuɗi na Naira 200 da 500 da 1,000, ya kuma yanka wa jama'a wa'adin ran 31 ga watan Janairu na 2023 su kai tsofaffin banki. Daga baya aka ƙara kwana goma, sa'an nan Kotun Ƙoli ta shiga maganar, aka yi ta sauye-sauye har mutum ya rasa wadda zai kama. 'Yan watanni kafin wannan, watau ran 1 ga watan Yuni, Gwamnatin Jihar Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, cikinsu har da Ikeja da Apapa da Surulere, ta kuma ƙara huɗu a watan Satumba. Duk ɗan Arewa mai neman abinci a Ikko ya san abin da waɗannan sanarwoyi biyu suka jawo wa mutane, wani jarinsa ya maƙale, wani aka kama babur ɗinsa. Ya kuma san ta inda labarin ya iso wa yawancinsu: ta cikin waya, a ɗan guntun bidiyo wanda wani ya turo wa wani.

Haka al'amarin ya koma yanzu. Aikin da sanƙira ya yi a da, da wanda motar majigi ta yi a dandalin gari, da wanda akwatin rediyo ya gada daga gare su, bidiyon intanet ya karɓe mafi yawansa. Jawabin gwamna, da gargaɗin likita a kan kwalara, da bayanin yadda ake rajistar zaɓe, da wa'azi, da sanarwar rasuwa daga gida, duk ta nan suke biyowa. To, tambayar da ya kamata a yi ita ce, wanda ba ya ji fa? Wanda ba ya gani fa? Kurma ya riƙe waya yana kallon bakin babban ma'aikaci yana motsi har minti goma, bai san ko kuɗinsa ake cewa za su daina aiki ba. Makaho kuwa a turo masa bidiyon da ba kowa cikinsa sai kiɗa, alhali ranar da wurin da lambar da ake son a sani duk an rubuta su a fuskar hoton, babu bakin da ya furta su. An yi sanarwa, amma su ba a sanar da su ba.

Kada mai karatu ya ɗauka mutum biyu ko uku ake nufi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 430 ne a duniya suke da raunin ji mai tsanani, kuma galibinsu a ƙasashe matalauta da masu tasowa suke. A nan gida, binciken makanta da aka yi a duk faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna akwai makafi fiye da miliyan 1 cikin waɗanda suka kai shekara 40, kuma abin ya fi tsanani a Arewa maso Gabas, inda aka sami kashi 6 cikin 100, ya fi sauƙi a Kudu maso Yamma, inda bai kai kashi 3 ba. Yanar ido da hawan jinin ido su ne kan gaba wajen jawo shi. Kurumta kuwa, Arewa ta san ta tun daga sanƙarau da ƙyanda. Annobar sanƙarau ta 1996 kaɗai ta kama mutum fiye da 100,000, ta kashe fiye da 11,000, kuma sananne ne cewa cutar takan bar wasu da ta ƙyale da ransu ba sa ji. Yaran wancan lokaci yau magidanta ne, wasunsu suna ɗinki ko wankin takalma ko dako a Agege da Mile 12 da Sabon Badun da Anacha da Fatakwal. Wanda ya taɓa bi ta Okobaba a Ebute Metta ya san yawan makafi da guragu 'yan Arewa da ke zaune a can da iyalansu da sarakunansu.

Bugu da ƙari, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Mai injin niƙa, da mai walda, da wanda ya shekara ashirin yana kwana kusa da janareta, kunnensu ragewa yake yi a hankali ba su sani ba. Tsufa ma yakan zo da nasa.

Abin da ya sa wannan magana ta fi ciwo shi ne, ba wai an rasa dabarar gyara ba ne. An daɗe da tsara ta, an rubuta ta dalla-dalla, kuma kyauta take ga mai so. Ƙungiyar W3C, wadda Tim Berners-Lee, mutumin da ya ƙago shafukan intanet, ya kafa a 1994, ta fitar da ƙa'idojin sauƙaƙa wa naƙasassu amfani da shafuka, waɗanda aka sani da suna WCAG. Na farko ya fito a 1999, na biyu a 2008, aka yi masa ƙari a 2018 da 2023. An kasa ƙa'idojin hawa uku: hawan A shi ne mafi ƙaranci, wanda in babu shi an rufe wa wasu ƙofa ruf, hawan AA shi ne wanda gwamnatoci da yawa suka ɗauka ya zama doka, hawan AAA kuwa shi ne na ƙoli. Duk da tsawon littafin, abin da ya faɗa a kan bidiyo da zane mai motsi bai fi ƙarfin fahimtar kowane mai shago ba.

Babba cikinsu shi ne rubutun magana, watau a rubuta a ƙasan hoto duk abin da ake faɗi, daidai lokacin da ake faɗinsa. Wannan yana hawan A ga bidiyon da aka riga aka ɗauka, yana hawan AA ga wanda ake watsawa kai tsaye. A nan akwai wani ruɗani da ya kamata a warware. Masu kallon finafinan Kano sun saba ganin rubutun Turanci yana gudana a ƙasa, har wani ya ce ai an riga an yi. Ba a yi ba. Wancan fassara ce, an yi ta ne don mai kunne wanda ba ya jin Hausa. Shi kurma Bahaushe abin da yake bukata daban ne: a rubuta masa maganar da harshen da ya iya karantawa, a gaya masa wa ke magana in ba a nuna fuskarsa ba, a kuma shaida masa sautin da labarin ya rataya a kansa, kamar an ƙwanƙwasa ƙofa, ko an kira salla, ko an harba bindiga a waje. In ba haka ba sai ya ga mutane sun watse da gudu bai san dalili ba. Rubutun kuma yana da ladabinsa. Kada ya wuce layi biyu, kada ya gudu kafin a karanta, kada a sa farin baƙi a kan farar riga, kada kuma ya rufe bakin mai magana, domin kurame da yawa da leɓe suke ƙarasa fahimta.

Ga makaho kuwa, ƙa'idar ta ce a sa muryar bayani, watau wani ya riƙa faɗin abin da ke faruwa a hoton a tsakanin maganganu, ko kuma a ba da cikakken rubutun abin da aka gani da abin da aka ji, wanda wayarsa za ta karanta masa. Wayoyin yanzu suna da wannan baiwa, TalkBack a Android, VoiceOver a iPhone, kuma makafi da yawa sun ƙware da su fiye da yadda masu ido suke zato. Amma manhajar rubutu take karantawa, ba ta iya karanta abin da aka zana cikin bidiyo. Maganin mafi arha shi ne tun wajen tsara jawabin a kiyaye. Maimakon mai bayani ya ce a duba wannan lamba da ke ƙasa, sai ya karanta lambar da bakinsa. Maimakon ya ce a danna nan, sai ya faɗi sunan abin da za a danna. Ko kwabo wannan ba ya ci. Masu aikin rediyo sun shekara fiye da hamsin suna yin haka ba tare da an kira shi da wani dogon suna ba, kuma mai sharhin ƙwallon ƙafa a rediyo ya isa ya zama malamin masu bidiyo a wannan fanni.

Sai maganar walƙiya, wadda ita ce mafi haɗari, ita ce kuma aka fi jahilta. Ran 16 ga watan Disamba na 1997 wani gidan talabijin a Japan ya nuna wani kashi na katun ɗin Pokémon. A cikinsa akwai 'yan sakan kaɗan da hasken ja da shuɗi suka riƙa musanya kamar sau 12 a kowane sakan. A wannan dare aka kwashi mutum 685 zuwa asibiti, galibinsu yara, wasu da jiri da amai, wasu da farfaɗiya, aka kuma dakatar da shirin wata huɗu. Shekara goma bayan haka, a 2007, masu shirya wasannin Olamfik na Landan suka cire wani yanki na fim ɗin tallar tambarinsu bayan an kai ƙarar ya tayar wa mutane da ciwon. Saboda irin wannan ne ƙa'idar ta ce kada wani abu a shafi ya yi walƙiya fiye da sau uku cikin sakan ɗaya, sai fa in ƙarami ne ƙwarai ko haskensa ba shi da ƙarfi, ta kuma ware jan launi mai kauri da gargaɗi na musamman. Wannan yana hawan A, watau ba abin ciniki ba ne.

Gaskiya ne ba kowane mai farfaɗiya ne haske ke tayar wa ba, masana sun ce kamar uku ne cikin ɗari. Amma masu farfaɗiya a duniya sun kai miliyan 50, kuma kusan kashi 80 cikin 100 nasu a ƙasashe irin Nijeriya suke, inda da yawa ba su taɓa ganin likita a kanta ba, inda kuma har yanzu in mutum ya faɗi wasu sukan ce iska ce, su ja da baya wai kada yawunsa ya taɓa su, alhali ba a ɗaukar ta. Mai karatu ya tuna irin bidiyon gayyatar biki da na barka da salla da na tallar 'yan takara da samari ke haɗawa a waya, yadda taurari ke tartsatsi, launi yana ƙiftawa kamar hadarin Agusta. Mai haɗawa yana ganin ado ya yi. Yaron da aka miƙa wa wayar cikin ɗaki mai duhu, fuskarta dab da idonsa, shi ne zai biya kuɗin adon. A Ingila abin ya kai har dokar kiyaye lafiyar masu amfani da intanet ta 2023 ta mai da tura wa mai farfaɗiya hoto mai walƙiya da gangan laifi.

Ragowar ƙa'idojin na ladabi ne, kuma kowa zai yi na'am da su. Sautin da ya tashi da kansa ya wuce sakan uku, lalle a ba mutum hanyar kashe shi, domin yakan danne muryar da ke karanta wa makaho. Abin da ke motsi da kansa ya wuce sakan biyar a gefen rubutu, lalle a sami madannin tsai da shi. Madannan kunnawa da tsayarwa su kasance da suna, kuma su yi aiki ga wanda hannunsa ba ya iya saiti. Ɗan kasuwar da ya buɗe shafi, bidiyo ya kama kansa ya cinye masa data kafin ya gano inda ake kashewa, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan amfanin wannan.

A nan ne ma ya kamata masu lafiya su gane cewa ba sadaka ake roƙonsu ba. Wanda ke tsakiyar kasuwar Mile 12 ana sauke tumatir, ko cikin danfo a Oshodi kwandasta yana ihu, ko a ɗakin da mutum takwas suke kwana ba ya son ya ta da kowa, a wannan sa'a shi da kurma ɗaya suke, rubutun ne zai fisshe shi. Wanda Turancinsa bai nuna ba yakan fi gane jawabi in yana ji yana kuma gani a rubuce. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya fi son a ba shi rubutun jawabin, wanda nauyinsa bai kai na hoto guda ba.

Ƙasashen da suka yi nisa ba da lallashi suka kai ba. A Amurka an fara sa rubutu a shirin talabijin a 1972, aka fito da irin wanda ake kunnawa a kashe a 1980, sa'an nan a 1990 aka yi dokar da ta tilasta wa masu ƙera akwatunan talabijin su sa na'urar nuna shi. Da kallo ya koma intanet sai ƙungiyar kurame ta ƙasar ta kai kamfanin Netflix kotu, aka sasanta a 2012 a kan cewa zuwa 2014 duk abin da yake nunawa zai kasance da rubutu. Tarayyar Turai ta wajabta wa shafukan hukumomin gwamnati a 2016, ta kuma faɗaɗa zuwa bankuna da kasuwancin intanet da wata doka da ta fara aiki ran 28 ga watan Yuni na 2025. Amma akwai darasi mai ɗaci cikin tarihin. A 2017, bayan Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta sami Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili da laifin rashin cika ƙa'ida, jami'ar ta ga gyaran zai yi mata tsada, sai ta kwashe laccoci fiye da 20,000 da ta sa wa jama'a kyauta. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, kurma bai samu ba, mai ji ma ya rasa. Dalili kuwa shi ne an tara aikin shekaru ba a yi ba, sai da ya zama tsauni. Bidiyon da aka sa wa rubutu ranar da aka yi shi aikin awa ɗaya ne ko biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Nijeriya ba ta rasa doka ba. Ta sa hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin naƙasassu a 2007, ta tabbatar da ita a 2010, kuma sashe na 9 na yarjejeniyar ya ambaci hanyoyin sadarwa da intanet ƙarara. Jihar Legas ta yi tata dokar a 2011. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta yanka tarar Naira miliyan 1 ga kamfani, da Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, aka kuma kafa hukumar kula da su ta ƙasa a 2020. Sai dai ƙarfin dokar ya fi karkata ga gine-gine da motoci da makarantu da asibitoci da guraben aiki, har ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Ba ta faɗi mudun da za a auna bidiyon intanet da shi ba. Matakalar ofis kuwa mutum yakan hau ta sau ɗaya a shekara, sanarwar ofis kullum yana bukatarta.

An ga alamar abin zai yiwu a 2020, lokacin annobar korona, sa'ad da aka riƙa tsai da tafintan kurame a gefen masu jawabin kwamitin Shugaban Ƙasa. Abin yabo ne. Amma a nan ma akwai gyara, kuma gyaran ya shafi 'yan Arewa kai tsaye. Harshen hannu da ake koyarwa a makarantun kurame na ƙasar nan tushensa na Amurka ne, ya bazu ne ta hannun Andrew Foster, wani kurma baƙar fatar Amurka da ya buɗe makaranta a Badun a 1960. Kuramen ƙasar Hausa kuwa suna da nasu tun kafin wannan, wanda ake kira maganar hannu ko maganar bebaye, harshe ne cikakke mai nahawunsa, har wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta wallafa littafi a kansa a 2000 bayan ta zauna da kuramen Kano. Kurman da bai shiga makarantar boko ba, ya taso da maganar hannu ya zo Ikko neman kuɗi, yana iya kallon tafintan talabijin daga farko har ƙarshe ya tsinci kaɗan. Ga kuma girman hoton. Tafintan da aka matse a lungu, in an kalle shi a fuskar waya bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ba a ganin yatsunsa balle fuskarsa, alhali rabin maganar a fuska take. Kuma lalle kurame ne za su tantance wanda za a ɗauka, kada a manta da abin kunyar da ya faru a Afirka ta Kudu a Disamban 2013, inda wani ya tsaya gaban shugabannin duniya wajen taron juyayin Nelson Mandela yana wurga hannu, kurame suka ce ba abin da yake faɗi.

Haka kuma kada a ɗauko ƙa'idar Turawa a kifa ta yadda take a ce an gama. Rubutun Turanci a ƙasan jawabin Turanci ya cika sharaɗin littafi, amma bai isar da saƙo ga mai dako a Alaba Rago ba. A yi shi da Hausa, da Yarbanci, da Ibo, da Turancin buroka. A yi shi kuma da Hausa ta gaskiya, mai ƙugiya a inda ƙugiya take. Na'urorin da ke sauraren magana su rubuta da kansu, irin wadda YouTube ya fara a 2009, sun fi ƙwarewa a harsunan da aka tara musu rubutu da murya masu yawa. A Hausa tilas mutum ya bi bayansu ya gyara. Wanda ya rubuta kashi a inda ake nufin ƙashi cikin bayanin likita, ko ya kasa raba ƙura da kura, ya san ya yi ɓarna, kuma kurma ba shi da kunnen da zai gyara masa kuskuren. Akwai kuma dubban mutanen da ba su yi boko ba amma suna karanta ajami sarai, shi ya sa har yau yake kan manyan takardun Naira. Ba abin da ya hana a fitar da muhimmiyar sanarwa da rubutun ajami, na'urorin suna ɗaukarsa.

Wani abu kuma da mai zama ofis ba zai lura da shi ba sai an gaya masa: rubutu iri biyu ne, akwai wanda ke zaune daban ana kunna shi a kashe, akwai wanda aka ƙone cikin hoton ba ya fita. Na farkon ya fi kyau a shafin hukuma. Amma da zarar an sauke bidiyon aka tura shi ta WhatsApp, rubutun da ke zaune daban a baya ake barinsa. Tun da ta nan ne sanarwa ke yawo a tsakanin talakawa, lalle ne duk wadda ta shafi kuɗi ko lafiya ko doka a ƙone rubutunta a jiki.

Abin da ya rage shi ne a sami mai cewa dole. Hukumar NITDA, wadda dokarta ta 2007 ta ba ta ikon tsara ƙa'idojin fasahar sadarwa, ita da hukumar naƙasassu ya kamata su zauna su ayyana hawan AA a matsayin mudun kowane bidiyo da aka yi da kuɗin jama'a, na tarayya ko na jiha. Hanya mafi sauri kuwa ta takardar kwangila ce: a rubuta cewa ba za a biya ɗan kwangilar da ya kawo bidiyo ba rubutu, ba bayanin murya, ko mai walƙiyar da ta wuce ƙa'ida. Ranar da aka hana mutum ɗaya cekinsa, sauran za su koyi aikin cikin mako guda. Bankuna da kamfanonin waya, waɗanda ke cin riba daga kurma da makaho kamar yadda suke ci daga kowa, ba su da hujjar jiran sai an kai su kotu. Dokar zaɓe ta 2022 ta riga ta ɗora wa hukumar zaɓe nauyin taimaka wa naƙasassu a rumfar jefa ƙuri'a; hankali ba zai ɗauka ba a taimaki mutum ya dangwala, alhali duk bayanin da aka yi kafin ranar, na hukuma da na jam'iyyu baki ɗaya, ya wuce shi.

Su ma al'ummar Arewa mazauna Kudu suna da nasu kason, kuma ba sai sun jira Abuja ba. Fadar Sarkin Hausawa a kowane gari, da ƙungiyoyin 'yan tumatir da 'yan albasa da 'yan shanu da direbobi, da kwamitocin masallatai, duk suna fitar da bidiyo yanzu, na kiran taro, na gargaɗi in gari ya ɗau zafi, na neman taimako in gobara ta tashi. A ranar tashin hankali, sanarwar da ke cewa kada a bi ta hanya kaza tana iya zama tsakanin mutum da ajalinsa, kuma kurma shi ne na ƙarshe da ke sanin an fara gudu. Kowace ƙungiya tana da yaron da ke riƙe mata waya yana haɗa hotuna. A umarce shi ya rubuta abin da shugaba ya faɗa a ƙasan hoton, ya karanta da baki duk abin da ya rubuta a allo, ya bar tartsatsin nan, ya kuma tura gajeren rubutu tare da kowane bidiyo. Kafin a saki sanarwa a nuna wa Sarkin Makafi da shugaban kurame na unguwar, a tambaye su abin da suka fahimta. In amsarsu ta saɓa da abin da aka yi nufi, a koma a sake.